Tsohon Direba da Monita Biyu

Kai da ka tsare ni da tambayar wane monita ya fi kyau a wasan kwamfuta, ajiye wayar nan da kake cusa mini lambobinta a ido, ka saurara.

An yi wani tsohon direban tirela da ya ci hanyar Kano zuwa Fatakwal har ita ma ta ci wuyansa. Jijiyar wuyan ta ƙage, in zai dubi gefe sai ya juyo da kafaɗa gaba ɗaya kamar mai ɗauke da tulu a ka. Da ya ajiye tuƙi bai iya zaman banza ba, sai ya sayi sitiyari da birki irin na kwamfuta, ya kafa a ɗakinsa, ya shiga wata ƙungiyar masu tseren mota ta intanet. Hannun nan kuwa yana nan, wallahi, shan kwana a wurinsa kamar shan fura. Tsohuwar talabijin ɗinsa ce ke kwance masa zani a kasuwa: sai ya taka birki, mota ta gama faɗawa rami, sannan hoton ya farga. Ƙungiyar ta sha kaye saboda shi har ta gaji, aka faɗa masa cikin ladabi amma ba ɓoye-ɓoye: in ya sake ja musu kaye a gasa mai zuwa, kujerarsa ta zama ta wani. Ɗiyarsa ta ji labari, ta ce, "Baba, je ka zaɓi monitan da ranka ke so, sauran magana tawa ce."

Ya tafi shago tare da maƙwabcinsa, wani mai son wasan tuƙa jirgin sama. Mai shago ya kunna musu guda biyu, kuma kada ka ji na raina ko ɗaya, dukansu gangariya ne. Na farko faffaɗa, ya lanƙwaso ta gefe da gefe kamar ƙahon bijimi, baƙinsa ya fi gindin tukunya, jansa sai ka ce garwashi. Na biyu bai kai shi faɗi ba, ba shi da wani kwarjini, amma kafin yatsa ya gama niyya hoto ya amsa. Mai shago ya dafa babban ya ce, "Baba, wannan ai ba monita ba ne, taga ce." Tsoho ya ce, "Ɗana, taga ba ta taɓa kai kaya Fatakwal ba. Mu a zamaninmu ba a sayen mota a tsaye, sai an yi mata lodi an kai ta Hawan Kibo." Sai ya kwance buhun da ya zo da shi, ya zaro sitiyarinsa, ya ɗaure a teburin shagon, ya zauna.

Da ya hau babban, sai da ƙwalla ta taru masa. Ga kwalta, ga ɗigon ruwan sama na gangarowa a gilashi, kamar an mayar da shi cikin kan tirelarsa. Amma maduban motar suna can ƙarshen allon, dama da hagu. Duk sanda wata mota ta matso za ta wuce shi, sai ya juya kafaɗa ya duba; kafaɗa na juyawa hannu ya bi ta, sitiyari ya bi hannu, mota ta goga bango. Ya sake, haka. Ya kuma sakewa don zuciyarsa ta ƙi yarda, haka dai. Da ya koma kan ƙaramin kuwa, hanya da madubi da ma'aunin gudu duk suka taru a gabansa, ƙwayar ido kaɗai ke motsi. Ya daɗe yana kallon babban nan kamar mai kallon ingarman da ba zai iya hawa ba, sannan ya shafa shi ya ce, "Kai kam ba ka da laifi, wuyana ne ba sa'anka ba." Ya ɗauki ƙaramin.

Ranar gasa, a kwanar ƙarshe, abokin hamayya ya lallaɓo masa ta hagu. Da wutsiyar ido ya gan shi, ya rufe masa hanya ba tare da kafaɗarsa ta ko motsa ba. Kujerar nan har yau tasa ce. Shi kuwa maƙwabcin, babban ya saya, kuma ya yi daidai: jirginsa na yawo a hankali bisa gajimare, ba mai bin sa a baya. Wani lokacin yakan ƙwala wa tsoho kira ta kan katanga ya zo ya ga faɗuwar rana a allon, shi kuma ya je ya tsaya yana ta tasbihi.

To kai ma je ka zauna gabansu da naka wasan da naka wuyan, ka daina tambayar wuyan wani. Ai Hausawa sun gama magana tuntuni: kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.