Kunun Zumar Hajjo

Hajjo ta daɗe tana fama da ciwon fuka. Idan ya taso mata, daga zaure ake jin ƙirjinta yana kuka. Mijinta Sahabi mai zuma ne a Bilbis, amyoyinsa na rataye a kan ɗorawa har bayan gari. Mutum ne mai son matarsa, sai dai kunnensa kamar rariya yake, a faɗa masa magana uku ya riƙo rabin ɗaya.

A damanar 1958 ciwon ya kai inda sassaƙe da hayaƙi suka kasa. Sahabi ya ɗora ta a jaki zuwa Tsafe, suka shiga jirgin ƙasa sai Gusau. Likita ya duba ta, ya ba ta waɗansu ƙananan ƙwayoyi farare, sabon magani mai ƙarfi da ake kira kotizon. Malamin asibiti ya yi wa Sahabi bayani da Hausa. Ya ce kullum da safe ta karya kumallo tukuna sannan ta sha, kuma ko ta ji garau kada ta daina kai tsaye, sai an dawo likita ya riƙa rage mata a hankali. Sahabi yana ta gyaɗa kai, hankalinsa kuwa na can wajen kada jirgin komawa ya bar su.

Hajjo ta ji nata bayanin, ta kuma riƙe. Kullum sai ta dama kunun tsamiya, ta zuba zumar mijinta, ta sha ta ƙoshi, sannan ta haɗiye ƙwayarta. Kafin a yanke gero ta koma daka da kanta. Abu ɗaya ne ya sake, fuskarta ta yi ɓul-ɓul, har matan unguwa na tsokanarta wai ta cinye ribar amya.

Gwaggo Jummai, yayar uban Sahabi, ba ta ɗauki abin da wasa ba. Tsohuwa ce da ta san itatuwa, kuma a saninta kowane magani yana da makarinsa. Ta zo ta tarar da Hajjo da ludayi a hannu, ƙwaya na gefe, sai ta kira Sahabi.

“Kai ɗan nan, mi nika gani? Zuma ai ita ma magani ta. Magani biyu ba su zama ciki guda. Zumag ga ita ka karya na asibiti, shi as sa huska tak kumbura.”

Sahabi ya laluba a ƙwaƙwalwarsa, ya tarar da kalma ɗaya tak da ta rage masa daga Gusau.

“Wallahi Gwaggo, malamin asibiti ma ya yi batun karyawa.”

Hajjo ta ce ba haka aka ce ba, karin kumallo ake nufi. Amma ina muryarta ina ta gwaggon miji? Aka yanke cewa daga ranar babu zuma, babu kunu, da ta idar da sallar asuba ta sha ƙwayar da cikin wofi yadda ake shan jiƙo, don ta fi kama jiki. Sahabi da hannunsa ya ɗauke tulun zumar ya kai rumbu. Yana ganin gata yake yi mata, abin da ya fi ciwo ke nan.

Ba a jima ba cikinta ya fara zafi kamar an zuba barkono. Ta daure, ta daure, har ranar da ta yi amai da ɗigon jini. Maimakon a nufi Gusau, sai Gwaggo ta ce ai ga shi nan, tun farko zuma ta riga ta ɓata maganin ya koma dafi. Sahabi ya ƙulle sauran ƙwayoyin a tsumma ya soke a rufin ɗaki.

Jikin da ya saba da maganin nan ba ya jure a yanke masa shi rana ɗaya. Hajjo ta yi laushi, ko tashi zaune ba ta iyawa, ga jiri, ga amai, fuka kuma ta dawo fiye da da. Sai a lokacin Sahabi ya ɗaura wa jaki akumari. Suna tashar Tsafe da hantsi, kanta a cinyarsa, ana jiran jirgi, rai ya yi halinsa.

Bayan an share makoki ya tafi Gusau da ƙullin tsumman, domin tambaya ɗaya ta hana shi sakat. Ya sami malamin asibitin ya ce, “Malam, don Allah hwaɗa mani gaskiya. Zumata ce tak kashe ta?”

Malamin ya sa shi ya ba da labarin tun daga farko. Da Sahabi ya gama, malamin ya gaya masa a hankali cewa zuma ba ta hana wannan magani aiki, kunu ma haka, hasali ma su ne ke tare mata ciki. Kumburin fuska kuwa halin maganin ne, da an dawo asibiti, da likita ya duba ya rage.

“Karyawar da na ce ta kumallo ce, Malam Sahabi.”

Sahabi ya dawo Bilbis, bai sake hawa ɗorawa ba. Amyoyin suka tsufa a sama har suka zube, tulun nan kuma yana rumbu, ya kasa sayarwa, ya kasa sha.

Jama’a, ƙa’idar maganin gida daban, ta asibiti daban. Idan an ba ku magani ku tsaya ku ji bayani har ƙarshe, abin da ya shige muku duhu ku koma ku tambayi wanda ya ba ku, kuma kada ku daina sha da ra’ayin kanku. Kuɗin jirgi zuwa Gusau bai kai ran Hajjo ba.