Harshen Suhaib

Kyamarar Ibram ba ta san sauri ba. Sai ya danna maɓalli, ta tsaya ta yi shawara, sannan ta ɗauka. Shi ya sa duk hotunan da yake yi wa ƙungiyar ƙwallon Gashuwa ihu ne bayan hari: ƙwallo ta riga ta kwanta a raga, 'yan wasa sun ba da baya suna murna.

Da ya gaji da makara sai ya koma dannawa tun da wuri, ya zama mai riga malam masallaci. Ya tara tulin hotunan Suhaib, gwanin fenaritin Gashuwa, yana shirin bugu bai buga ba. Kowa ya ga hotunan sai ya yi tsaki, amma Ibram ya daɗe yana kallonsu. In Suhaib zai aika ƙwallo hagun gola, sai harshensa ya leƙo ta gefen baki. In dama ce, bakin a rufe yake. Ko Suhaib bai san da wannan ba.

Ranar wasa da Nguru, Alhaji Maiturare, shugaban ƙungiya, ya tare shi a bakin mota.

"Malam Ibram, haƙurinmu ya ƙare. Yau ka kamo mana ƙafar Suhaib a kan ƙwallo, ko mu nemi wani."

Ibram bai yi musu ba. Gwiwoyinsa sun gaji da durƙuso a bayan raga, idonsa ya fara hazo, kuma ba shi da wata sana'ar. Jiya ma a Nguru ya wuni, wai sayen kifi, ya koma gida hannu rabbana.

Wasan ya tafi babu ci, rana na dukan kowa. 'Yan kallon Nguru ba su da abin zagi sai golansu, wani siririn saurayi da suke kira Ɗan Fanna, da sunan uwar da ta rene shi ita kaɗai tun da ubansa ya bar su ya koma Gashuwa. An ce yau in aka zura masa ko ɗaya, ya bar raga ke nan har abada. Ibram yana jin zagin, yana ta goge gilashin kyamararsa da babu datti a kansa.

Ana dab da tashi aka kwashe ƙafar Suhaib, alƙali ya nuna fenariti. Ibram ya durƙusa da ƙyar. Suhaib ya ja baya, ya taho, harshe ya leƙo. Ibram ya danna, kyamara ta yi nawarta ta kullum.

Filin Nguru ya ɗauki sowa. Ɗan Fanna ya kaɗe ƙwallon.

Alhaji ya fizgi kyamarar ya duba. Tun da Ibram yake, bai taɓa ɗaukar hoto irin wannan ba: gola a sama, yatsunsa a kan ƙwallo, daidai turken hagu. Suhaib ko inuwarsa babu. Alhaji ya miƙa masa abarsa, ya ce kada ya ƙara ganinsa a motar ƙungiya. Bai tsaya ya tambayi yadda kyamara mai nawa ta riga ƙwallo isa turke ba.

Ibram yana naɗe igiyar kyamara, yana tunanin inda zai sami motar Gashuwa, sai golan ya zo wucewa, ya rage murya.

"Na ga harshen, Baba."