Bakin Ramin Kanwa

Ina ƙarama Gwaggo, yayar babana, ta tafi da ni yankan kaba a dajin goruba da ke bayan ƙauyenmu, can wajen Gashuwa. Hanyar ta ratsa ta tsofaffin ramukan da aka daina haƙar kanwa tun kafin a haife ni. Ciyawa ta rufe bakinsu, sai warin kanwa mai ɗaci da ke kama maƙogwaro.

Na hango goruba ta faɗi a wani fili fari fat, na bar hanya na nufe ta. Ina tsakiyar filin na ji ƙasa ta yi ƙara kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Tsaga ta buɗe tsakanin ƙafafuna, yashi na zurarewa ciki, ban ji inda yake sauka ba.

Gwaggo ba ta yi ihu ba. Ta kwance zanen da ta yi ɗamara da shi, ta kwanta rub da ciki, ta jefo mini bakin zanen.

"Uwata, riƙe nan," ta ce. "Gaya mini, yau miyar kuka kike so ko ta kuɓewa?"

"Kuɓewa," na ce.

"Ɗanya ko busasshiya? Taho a hankali, ina jin ki."

Ina amsawa tana ja, har na iso jikinta. A bayana filin ya rufta gaba ɗaya.

Sai a lokacin na ga ta kasa ko ɗaura ɗamarar. Yau na haura shekarunta na wancan lokaci, ina da 'ya'ya, amma har yanzu ban san inda ta samo waccan muryar ba.