Shanun da Suka Ƙi Jin Maganar Sada

Karo na uku ke nan Sada ya buɗe kwamfutarsa ya tarar shanunsa sun canja salon tafiya.

Ƙungiyar manoman Ƙarfi ce ta ba shi aikin ɗan fim na zane mai motsi, minti huɗu, kan yadda ake huɗa da garmar shanu a gona mai gangare. Shi ne babban aikinsa na farko, kuma shugaban ƙungiyar, Alhaji Maitama, ya gaya masa in ya burge manoma akwai wasu biyar a gaba.

Sada ɗan cikin garin Funtuwa ne, bai taɓa riƙe garma ba, amma ya san sana'arsa. Kowane motsi sai ya ware masa shimfiɗarsa a manhajar zanen: ƙafafun shanu daban, hannun manomi daban, kaɗa wutsiya daban, don in ɗaya ta lalace kada ta shafi sauran.

To, shimfiɗun ne suka fara yi masa gardama. Ya bar shanun suna ɗaga ƙafa tsaf kamar sojoji, ya tafi sallar La'asar, ya tsaya hira a majalisa. Da ya dawo sai ga su suna jan jiki a hankali, kawunansu na rausaya, manomin ya sunkuyar da baya ya danne garma. Ya goge. Washegari abin ya dawo.

"Wannan manhaja za ta kashe ni," in ji shi.

Matarsa Raudatu, 'yar manoman Gozaki, tana kan keken ɗinkinta a bayansa, inda take zama kullum tun da ya fara wannan sana'a. Ba ta ko ɗago kai ba. "Allah ya kawo sauƙi, Malam."

Ya kira abokinsa Abdulmuɗɗalib a Kano, wanda ya koya masa aikin. Abdulmuɗɗalib ya ce shimfiɗu kan cakuɗe wani lokaci, ya cire manhajar ya sake sawa. Sada ya yi hakan, ya mayar da shanun yadda yake so. Bayan La'asar suka koma rausayarsu, har da ƙarin ƙasa tana juyewa gefen garma.

Lokaci ya ƙure, dole ya tafi da fim ɗin a haka. Ya goya Raudatu a babur suka nufi Ƙarfi.

Aka haska a wani ajin makaranta da aka rufe tagoginsa. Shanun na fara takawa wuri ya kaure da shewa. Wani dattijo ya miƙe yana nuna bango. "Wallahi jan bijimina ne wannan!"

Alhaji Maitama ya riƙe hannun Sada ya ƙi saki. "Wanda ya yi wannan ya san shanu, Malam Sada. Sauran biyar ɗin naka ne."

A hanyar gida Sada sai dariya yake yi. "Kin ga ikon Allah? Kuskuren na'ura ne ya cece mu. Amma duk da haka gobe zan canja manhajar, ban yarda da ita ba."

Raudatu ta gyara mayafinta, ta matso kusa da kunnensa don iska.

"Ka bar ta ta huta, Malam, ba ta da laifi. Sau huɗu ina gyara maka shanun nan kana gogewa."