Zazzaɓin Teku

Masuncin ya jawo ragarsa cikin kwalekwale, sai kifi biyu kacal. Ya leƙa ƙarƙashin ruwa, ya ga dutsen murjanin da kifi ke kwana a ciki ya mutu, ya yi fari fat kamar ƙashi. In kifi ya bar gaɓar nan, to garin ma zai bi shi.

Shi dai ya san mai laifi: tashar da ke haƙo tururi daga cikin dutse tana yin lantarki, tana zubo ruwan zafinta a teku. Can kuma 'yarsa take aiki.

Ya iske ta a gida tana suyar ayaba.

"'Yar lantarki, ku rufe bututun nan kafin ku dafa mana tekun. Gishiri dama akwai, barkono ya rage."

Ba ta yi dariya ba. "Baba, yau ma ruwan da ɗumi?"

"Har bayan tsibiri, kamar goshin mai zazzaɓi."

Ta sauke kaskon a hankali. "Baba, gyara muke yi. Tun watan jiya bututun a rufe yake."

Ya juya ya daɗe yana kallon teku, bututu a rufe amma ruwa bai huce ba, ya rasa ƙofar wa zai buga ya kai kuka.