Shuɗin Malam Kuwabara

"Ke hannu ce kawai!" in ji Malam Kuwabara mai zane, a gaban baƙinsa. "Abin da na zana za ki buga, ba ƙari."

Tomie, mai buga masa zanuka a takarda, ta juya. Ta koma kan allunanta na katako, ta buga zanensa na tafki, kwafi hamsin.

Da dillalin zanukan Malam ya buɗe su sai ya yamutsa fuska. "Wa ya kashe ruwan nan? Kamar laka! Ina shuɗin da ya yi wa Malam suna?"

Kuwabara ya daka wa Tomie tsawa. "Me kika yi?"

"Abin da ka ce, Malam. Shekara ashirin idonka ba ya gane shuɗi, ni nake gyarawa. Yau kam naka ne zalla."