Ƙoƙon Gwiwar Sallau

Tun da guringuntsin gwiwar Sallau ya cinye, asibiti suka dasa masa na'ura a ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Sau ɗari biyu take barinsa ya lanƙwasa ƙafa a yini, daga nan ta sandare sai gobe.

Ran Talata ya riga ya ƙarar da rabonsa wajen shimfiɗa tayil, aka zo aka ce wansa Barau ya rasu.

A maƙabarta liman ya ce, "Sallau, sauka ka karɓi ɗan'uwanka."

Ƙafa ta ƙi. Ya ja gefe ya kira asibitin.

"Baiwar Allah, sau biyu kawai nake roƙo. In sauka kabarin wana, in fito."

"Malam, gwiwarka muke kare maka," in ji ma'aikaciyar. "Ƙashi zai goge ƙashi."

"Ya goge mana! Ƙafarki ce ko tawa?"

"Allah ya jiƙansa. Da asuba za ta saki."

Maƙwabci ne ya sauka. Da aka rufe kabarin, kowa ya tsuguna yin addu'a, Sallau kaɗai ya rage a tsaye yana huci. Wani dattijo ya ɗago ya harare shi.

"Kai, wanka Barau ne fa. Tsuguna mana!"